Kaluluwa a Wuyan 'Yar Farina

Kitso nake yi mata ranar da na ji shi. Asabar ce da hantsi, damina ta kusa ɗaukewa, muna zaune a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a Tudun Wada. Ta kwantar da kai a cinyata, na juya ta don in kama gefen hagu, sai yatsana ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙinta ya ci karo da wani abu mai tauri kamar gurjiya. Na matsa baya kaɗan, na ji wani, ya fi na farko girma. Na taɓa ɗaya gefen, nan ma akwai.

"Mama, da zafi fa," ta ce.

"Yaushe ya fito?"

"Ban sani ba. Tun da maƙogwarona ya fara ciwo dai."

Ta ɗan kwana biyu tana zazzaɓi, mun sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis ta sha, bai sauka ba. Ban ɗauki abin da zafi ba, don zazzaɓin damina ba baƙo ba ne a gidan kowa. Amma da na ji abin nan a wuyanta sai na ajiye tsinken kitso. Kitson da ban ƙarasa ba ke nan. Na ɗaura mata ɗankwali a kan rabin kai, na ce ta shiga ɗaki ta kwanta.

Ita ce 'yar farina, shekarunta ba su wuce tara ba a lokacin. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma nuna an damu da shi a gaban mutane. Ni malamar firamare ce, na yi boko daidai gwargwado, amma wannan kunyar ban iya yar da ita ba. Don haka da maƙwabciyata ta leƙo aron turmi ta tambaye ni lafiya na yi jugum, cewa na yi yarinyar nan ce take ɗan ɗumin jiki, ba wani abu ba ne. Ta tafi da turminta, ni kuwa na koma na zauna, gabana yana ta faɗuwa.

Dalilin faɗuwar gaban tsohon abu ne. Iyayena na cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya ci garinsu. Ni ban ga tsohon garin ba, a sabon matsuguni aka haife ni, a ƙasar Bebeji, inda Baba yake su da kwalekwale, da rani kuma ya yi tumatir da albasa a bakin ruwa. Sauron wurin ba a magana. Ina da ƙane namiji wanda ni na goya shi, ni nake ɗura masa koko. Babu daminar da za ta wuce bai kwanta zazzaɓi ba, ya tashi, ya sake kwanciya. Yana kamar shekara bakwai kuncinsa guda ya kumbura. Aka ce hangum ne, zai saɓe. Bai saɓe ba. Haƙoransa na wannan gefen suka fara girgiɗi, kumburin yana ƙaruwa kamar ana hura shi, har ya ture masa ido. Aka kira wanzami, aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu. Sai da ya kasa haɗiyar tuwo sannan aka kai shi Kano. Can aka ce ciwon daji ne, kuma an makara. Can aka binne shi. Inna ta dawo da 'yar rigarsa a ƙullin zane, kuma tun daga ranar ban ƙara jin ta yi zancen ciwonsa ba. In an ambace shi sai ta ce Allah ya jiƙan yaro, ta tashi ta kama wani aiki.

Maigidana yana Doguwa a lokacin, ya je sayen sabuwar masara, don sana'arsa ke nan. Na yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. In mota ta shiga dajin Falgore ko ya nutsa cikin ƙauyukan can, sai a wuni ba a same shi ba. Ban jira ba. Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na kai ta asibitin garinmu.

Ma'aikacin da ya duba ta mutum ne mai haƙuri. Ya sa aka gwada jininta, ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Ya leƙa maƙogwaronta da tocila, ya lalubi wuyanta da hammatarta, sannan ya kwantar da ita ya danna cikinta ta gefen hagu. A nan na ga ya daɗe. Ya danna, ya ce ta ja numfashi, ya sake dannawa.

"Saifarta ta ɗan tasa," ya ce. "Malama, ba na so in tsorata ki, wataƙila ba komai ba ne. Amma gwajin da ya kamata a yi mata ba mu da shi a nan. Ku je Kano."

Ku je Kano. Haka aka ce wa Baba a wancan lokacin. Na fito riƙe da hannunta. A bakin ƙofar asibiti ta ce in saya mata awara, na saya, ta gutsura sau ɗaya ta kasa haɗiya ta miƙo mini.

Da la'asar wayar maigidan ta shiga. Na ce masa, "Malam, ka taho gida. Yarinyar nan ce."

"Me ya same ta?"

"Wuyanta ya kumbura. An ce mu je Kano."

Ya san labarin ƙanena, ni na ba shi tun muna sabon aure. Ya ce, "Ki bar saƙe-saƙe. Kaluluwa ce, wane yaro ne bai yi ba? Gobe in Allah ya kai mu ina hanya." Ya faɗa da ƙarfin murya, amma masarar da ya tara sai ya bar wa abokin cinikinsa ya taho hannu biyu.

Da muka tashi tafiya na ce mu biya ta wajen Inna mu ajiye ƙananan yaran. Muka sauka a Kwanar Ɗangora muka sake mota zuwa Tiga. Mun tarar da ita tana shanya kifi a kan waya. Ta tare mu da murna, ta fara tsokanar jikarta kamar yadda suka saba, tana cewa, "Ƙawata, wa ya yi miki wannan rabin kitso, ko kuɗin makitsiya ne ya gagara?" Sai yarinyar ta juya, Inna ta ga wuyan. Ta goge hannunta a zane, ta sa yatsu biyu ta taɓa. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da 'yar jakarta.

"Inna, ina za ki?" in ji maigidana.

"Inda za ku. Yaran su zauna wajen matar kawunsu."

Ba wanda ya yi mata musu. A mota ta ɗora yarinyar a jikinta tun daga Bagauda har Kano, bakinta yana motsi, carbi a hannu. Ni na zauna a gefen taga ina kallon gonakin shinkafa, don bai kamata a ga ina lallashin 'yar fari a gaban uwata ba. Sau ɗaya na miƙa hannu ta ƙarƙashin mayafi na riƙe ƙafarta. Da zafi rau.

A babban asibitin muka sha layi. Likitar da muka samu mace ce, ba ta girme ni ba, Bakanuwa, tana magana a hankali. Ta duba yarinyar tun daga kai har ƙafa, ta buɗe bakinta ta taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da na ga tana girgiza haƙoran sai na gane abin da take nema, na tashi tsaye na matso kusa. Ta lura.

"Malama, akwai abin da kike tsoro?"

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai. Na ba da labarin ƙanena, karo na farko a rayuwata da na yi zancensa a gaban Inna. Likitar ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce haƙoran 'yata lafiya lau suke, ƙashin muƙamuƙin ma haka, abin da ya kumbura kaluluwa ce, kuma ta fito gefe biyu tana zafi, wannan alama ce mai ɗan daɗi. Amma ba za ta yanke magana ba sai ta ga jini. Aka ɗibi jinin, aka ce mu dawo.

Mun sauka gidan wata 'yar uwar maigidana a cikin gari. Kwanakin jiran nan ban san me na ci ba. Duk yaron da na gani a layi sai na kalli kumatunsa. In yarinyar tana barcin rana sai in tsaya a kanta ina gwada gefen dama da na hagu da ido, in ga kamar ɗaya ya fi, in zagaya ta ɗaya gefen in ga kamar wancan ne ya fi. Maigidan ya kama ni ina yi ya ce, "Ke, za ki sa wa kanki ciwo." Na ce ai na riga na sa.

Ranar da muka koma, likitar ta sa mu zauna, ta aiki yarinyar da babanta su sayo mata ruwa. Ta ce gwaji ya nuna wata ƙwayar cuta ce ta shiga jikin yarinyar kwanan nan. Ta faɗi sunanta da Turanci, ban riƙe ba a ranar. Ta ce dangin ƙwayar da ke kawo ƙarambau ce, kuma ta miyau ake ɗaukarta, a moɗa, a cokali, a abincin da uwa ta tauna wa ɗanta.

Na ji sanyi ya fara sauko mini. Sai bakina ya yi tambayar da ban shirya ba: "Likita, ba ta da alaƙa da abin da ya kashe ƙanena ko?"

Likitar ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba. Irin ciwon da kika kwatanta, a yaranmu na nan, galibi ana samun wannan ƙwayar a cikinsa."

Inna ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ni kuwa ɗakin ya yi mini duhu, na dafa tebur.

"Ku tsaya ku ji ƙarshen maganar," in ji likitar. "Inna, ki dube ni. Wannan ƙwayar, kusan duk babban mutumin da kika gani a asibitin nan yana ɗauke da ita. Da za a gwada ni, na tabbata za a samu. Ke ma haka, 'yarki ma haka. Yawancin yaranmu tun suna rarrafe suke ɗauka, ko atishawa ba sa yi, ba wanda ya sani. Wanda ya ɗan girma kafin ta same shi, shi ne yake yin zazzaɓi da ciwon wuya irin wannan."

"To in kowa na da ita, me ya sa kowa bai mutu ba?" in ji Inna. Muryarta ta fito da kaushi, kamar tana faɗa.

Likitar ta ce tambayar ke nan. Ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki, kuma iri-iri ne. Wannan cutar ba ta tsaya a ko'ina ba sai cikin wani rukuni na sojojin da kansu. In ta shiga sai ta sa su yi ta hayayyafa ba tsayawa, kuma da za a ƙyale su, nan ne ɓarna take farawa. Amma akwai wani rukunin da aikinsa shi ne ya bi 'yan uwansa yana dubawa. Duk wanda cutar ta shiga, akwai alamar da take fitowa a jikinsa, su kuma suna ganin alamar sai su kashe shi. Da farko masu gane alamar kaɗan ne, sai su ninka kansu su yi yawa ƙwarai cikin ɗan lokaci. Inda suke taruwa shi ne kaluluwa da saifa.

"Abin da kika taɓa a wuyanta, Malama, yawancinsa su ne. Taronsu ne."

Ta ga ban gamsu ba. Ta tashi ta ce in biyo ta. Ta kai ni ɗakin gwaji, ta roƙi mai aikin wurin ya ɗora gilashin jinin 'yata a madubin da ke ƙara girman abu. Na sa ido ban ga komai ba sai haske, sai da ya murɗa wani abu. Sai ga ƙananan da'irori jajaye-jajaye birjik, a tsakaninsu kuma wasu manya masu launin shuɗi, gefensu ba daidai ba, kamar sun narke sun jingina da na kusa da su. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Da ni kaɗai na gan su cewa zan yi su ne ciwon.

"Waɗannan manyan su ne masu kisan," ta ce. "Haka suke kumbura in suna kan aiki. Na ciwon daji ba haka kamanninsu yake ba."

Na daɗe ina kallonsu, har mai aikin ya yi gyaran murya.

Da muka dawo ofis na tambaye ta ko za su gama da cutar gaba ɗaya. Ta girgiza kai. Ta ce ba sa gamawa. 'Yan kaɗan daga cikin ƙwayoyin cutar sukan laɓe su yi lamo a cikin jini, ba sa nuna alama, don haka ba a ganinsu. Haka za su zauna har ƙarshen ran mutum. Lokaci-lokaci wata takan motsa, masu tsaron kuma ba su manta ta ba, sai su taushe ta kafin mutum ya ji komai. Ta ce a jikin mai lafiya haka abin yake tafiya shekara da shekaru. Babu allura ko ƙwayar da za ta fitar da ita.

"Shi yaron fa?" Inna ta tambaya, a hankali wannan karon. "Nasa sojojin ina suka tafi?"

Likitar ta juya kujerarta ta fuskance ta. Ta ce ba ta ga yaron ba, ba za ta rantse ba. Amma abin da aka sani shi ne zazzaɓin cizon sauro in ya yi ta maimaituwa a jikin ƙaramin yaro yana gajiyar da masu tsaron, kuma yana zuga waɗanda cutar ke ciki su yi ta ƙaruwa. A cikin wannan yawan, wani lokaci ɗaya takan samu tangarɗa ta ƙi tsayawa. Ta ce ko a cikin yaran da suka sha zazzaɓin, kaɗan ne ƙwarai abin yake faɗa wa. Ba maita ba ce, ba kuma abin da wani ya ba shi ya ci ba ne. Yau in an kawo yaro da wuri ana yi masa magani, da yawa suna tashi.

Inna ta gyara mayafinta.

Aka ba mu maganin zafin jiki, aka ce yarinyar ta huta, ta sha ruwa da yawa, kada ta yi tsalle-tsalle ko wasan ture-ture saboda saifar, kuma ta riƙa kwana a gidan sauro. Likitar ta ce mu dawo bayan wasu makonni. In kumburin ya ƙaru, ko ya daina zafi ya yi tauri kamar dutse, ko haƙori ya fara motsi, kada mu jira ranar, mu taho, za a yanki kaɗan a duba. Wannan maganar ta ƙarshe ita na ɗauko na taho da ita Tudun Wada. Sauran bayanin duk na ji, na kuma yarda, amma ita ce ta zauna mini a ƙirji.

Muka biya Tiga muka ɗauko ƙananan yaran, Inna ta biyo mu gida, ta ce sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Zazzaɓin ya sauka, maƙogwaron ya warke, amma yarinyar ta zama kamar tsumma. Tana cin abinci tana gyangyaɗi. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, sai ga ta kwance a tabarma tana kallon ƙannenta suna 'yar gala-gala. Kumburin kuwa ya ƙi tafiya. Kullum kafin in tafi makaranta sai na kira ta ɗaki, inda ba mai ganina, na lalubi wuyan. Wata rana in ji kamar ya ragu, in wuni da ƙarfi. Washegari in ji kamar yana nan yadda yake, in tsaya a gaban allo ina koyar da lissafi ban san abin da nake faɗa ba. Har fata ta fara ja a wurin. Maigidan ya ce in na ci gaba da murza shi ni zan hana shi saɓewa.

Wata ranar Juma'a na dawo da wuri na tarar da Inna a ɗakin, yarinyar tana barci, ita kuma ta sa yatsu biyu a wuyanta. Ashe ita ma kullum sai ta yi, bayan na fita. Ta janye hannu, muka fito tsakar gida muka zauna muna gyaran zogale.

Can ta ce, "Wai da gaske ni ma tana jikina?"

"Haka likita ta ce, Inna."

"Tun yaushe?"

"Wataƙila tun kina goye. Tun a tsohon gari."

Ta ci gaba da zage ganye. Sannan ta fara magana, ba ta dube ni ba. Ta ce shekarun nan duk tana zargin wata mata da ta ba yaron ɗanwake ranar wata kasuwa. Matar ta rasu tuntuni, Inna ba ta je gaisuwa ba. Ta ba ni labarin kwanakinsu a Kano, yadda yake tambayarta ko Baba ya kama babban kifi, yadda ya ce a ajiye masa kan. Ta faɗi sunansa. Rabon da in ji sunan a bakinta tun ina budurwa. Na yi kuka sosai, ita ba ta yi ba, ta bar ni na gama sannan ta ce in tashi in ɗora ruwa, rana tana yi.

A hankali kumburin ya fara saɓewa. Ba ni na fara ganewa ba, don ni idona ya riga ya lalace da tsoro. Yarinyar ce da kanta ta ce mini ta daina jin sa in ta juya wuya. Da muka koma Kano likitar ta laluba, ta danna cikin, ta ce saifar ta koma wurinta, kaluluwar kuma saura ɗan burbushi, wanda zai iya daɗewa bai ɓace ba. Ta ce an sallame mu.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Likita, za ta iya tashi nan gaba?"

"A yawancin mutane ba ta taɓa yin komai har su tsufa. In wani ciwo ya karya garkuwar jiki sosai, to a nan ake sa ido. Ban da abin da zan ƙara miki a kan wannan, Malama. Ba zan ce miki ba zai taɓa yiwuwa ba."

Na so ta ce ba zai taɓa yiwuwa ba. Har muka hau mota ina jin haushinta kaɗan, ko da yake na san gaskiya ta faɗa.

Yarinyar ta koma makaranta bayan hutun da ya biyo baya, ta rame amma bakinta ya dawo. Na saya wa kowane ɗaki gidan sauro sabo, na aika da wasu Tiga. Zazzaɓi kuwa ko na yini ɗaya ne yanzu sai an gwada jini, maigidan har ya gaji da yi mini tsiya ya bari. Tsoron bai tafi duka ba. Akwai ranakun da ina cikin aiki sai in tuna abin yana nan a jinina da nata, a kwance, in ji gabana ya faɗi, sannan ya wuce.

Inna ta koma gida ranar kasuwar garinmu, lokacin an fara dashen albasa. Na raka ta tasha da ƙullin daddawa da barkono. Motar ta cika da buhunan masara da awaki biyu, aka matsa wa Inna a gaba. Har direba ya tayar da mota ta leƙo ta taga ta ce 'ya'yan matar nan mai ɗanwake suna nan a Kiru, an ce babbar tana aure a bayan masallacin Juma'a.

"In kin samu hutu ki zo ki raka ni in yi musu gaisuwa," ta ce. "Ban san gidan ba, sai mun yi tambaya."